Lahadin Ƙarshe a Rumfar Doña Monse

"Kashe shi!"

Muryar Efraín ce ta tsaga rumfar, sai da Yarelis ta zabura a kan kujerar robar da take zaune kusa da majigi.

"Efraín... lafiya?"

"Na ce ki kashe shi, Yarelis!"

Ba ta kashe ba. Ba don taurin kai ba, hannunta ne ya ƙi tashi daga cinyarta. A jikin farin zanin gadon da aka ɗaure a bangon rumfar, kakar Efraín, Doña Monse, tana ta juyi da faffaɗan siket, gashinta fari fat, teku a bayanta. Duk cikin fim ɗin babu inda Yarelis ta fi so kamar nan. Kwana da kwanaki ta yi tana tace shi a kwamfuta, tana murmushi ita kaɗai idan ta tuna yadda Efraín zai kalle ta in ya ga kakarsa haka.

To ga shi ya gani.

Ta juya ta dubi mutane. Rumfar cike take maƙil da masunta da masu suyar bakin hanya da tsofaffin makaɗa, amma tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Wata mata ta dafe baki. Wani tsoho ya cire hula yana kallon ƙasa.

A jikin zanin, tsohuwa ta kaɗa siket... ganga shiru.

Ta tsaya cak... ganga ta ɓarke da sauri kamar ana zuba tsakuwa a kwano.

"Ikon Allah," wani ya faɗa daga baya. "Yaron nan barci yake yi ranar?"

Sai ga wata siririyar dariya daga layin gaba. Xiomara ce, gwanar rawar rumfar, wadda duk garin Loíza ya san ta daɗe da kafa wa Efraín ido. Ta ɗora ƙafa kan ƙafa, ta ɗaga murya don kowa ya ji.

"A'a! Ai wannan kiɗana ne! Ku saurara da kyau, rawata ce ta wancan watan. Ashe ko Kaka ce a fili, ni hannunka yake buga wa, Efraín?"

Efraín bai ko dube ta ba. Ya taka ya fizge wayar majigin daga bango, Doña Monse ta ɓace daga jikin zanin, ya fice.

Wanda ba ɗan gari ba zai ce me ya yi zafi haka? To, ko yaron goye a Loíza ya san cewa a rawarmu ta bomba ba mai rawa ke bin ganga ba, ganga ce ke bin mai rawa. Gangunan baya su riƙe taki, amma babban makaɗi idonsa na kan wanda ya shigo fili. Ka girgiza kafaɗa ya buga, ka kaɗa siket ya buga, ka dira ƙafa ya buga, a daidai lokacin, ba gaba ba baya. Makaɗin da ya kasa, tashi yake yi ya ba wani ganga. Efraín Carrasquillo kuwa tunda ya gaji gangar kakansa ba a taɓa tayar da shi ba.

Kuma rawar nan ba kowace rawa ba ce. Tun rasuwar mijinta Doña Monse ba ta sake shiga fili ba sai ranar, da ta ji hukuma ta ce a tashi saboda teku ta cinye ƙasar rumfar har gindin ginshiƙai. Ta shiga da gwiwoyinta masu ciwo, jikanta ya bi ta taki bayan taki, manyan maza suna share hawaye.

Yau kuma ga shi an nuna wa gari cewa ya kuskure mata komai.

Yarelis ta bi shi da gudu har gindin itacen almon da ke bakin ruwa. Rana ta faɗi, sauran ja-ja kawai a sama.

"Efraín, tsaya! Don Allah ka tsaya ka ji ni!"

Ya tsaya, amma bai juyo ba.

"Iska ce... ranar iska ta shiga makirfo, duk sautin ya lalace, ba a jin komai sai huuu. Na yi kuka kamar raina zai fita. Xiomara ta same ni ta ce, 'Meye abin kuka, 'yar uwa? Ba kina da kiɗan wata Lahadin ba? Ɗora a kai, kiɗa ai kiɗa ne.' Ita ta zaɓar min ma wanda zan sa. Wallahi ban sani ba, masoyina, ban sani ba!"

Sai a lokacin ya juyo. Da ma bai juyo ba, don abin da ta gani a idonsa ya fi faɗa ciwo.

"Xiomara ta faɗa," ya ce a hankali. "Wa ya yi?"

"Ni ce, amma..."

"Tun kafin Kirsimeti kike cikin rumfar nan, Yarelis. Kowace Lahadi kyamararki na kan hannuna. Kin ɗauki yatsuna, kin ɗauki gumina, har tabon nan na wuyan hannuna kin ɗauka. Duk tsawon lokacin nan ba ki taɓa tambayar kanki me nake kallo ba?"

Ta sunkuyar da kai, ya ci gaba.

"Ni na roƙi Kaka ta bar ki. Matar da ko waya ba ta yarda a ɗaga a rumfarta, na durƙusa mata na ce wannan tamu ce, a nan aka binne cibiyarta. Ta ce min wanda aka tafi da shi birnin Orlando yana rarrafe, baƙo ne ko da ya dawo da sunan gida. Na yi mata musu."

"Efraín..."

"Ashe ita ta fi ni gani."

Ya wuce ta bakin ruwa, ya bar ta tsaye tana kiran sunansa har muryarta ta dishe.

Saura Lahadi ɗaya a rufe rumfar.

Washegari da hantsi ta wanke fuska ta nufi gidan Doña Monse. Ta same ta a bayan gida gaban murhun itace, tana naɗe ƙullin alcapurria, irin ƙosanmu na nan, a ganye tana sakewa cikin mai. Tun da suka fara soyayya da Efraín take gaishe ta irin ta jikoki, don haka ta rusuna.

"A sa min albarka, Kaka."

Man suya ne kawai ya amsa.

Wayyo! Da mari tsohuwar ta yi mata da ya fi sauƙi. A garin nan ko ɗan da ya sayar da akuyar gida ya sha giya, in ya roƙi albarka ana sa masa.

"Doña Monse," ta gyara. "Na zo ba da haƙuri."

"Ni me kika yi min? Ai kin fito da ni tsaf kamar amarya." Ta juya suyar da cokali. "Yarona kika tsirara a kasuwa."

"Zan gyara! Zan cire kiɗan, zan mayar da na gaskiya ko da iska ce ta fi yawa. Zan sake tara mutane in..."

"Ki cire daga kwamfutarki. Daga idon mutane fa, da me za ki cire? Jiya a shagon Toño an ce masa makahon makaɗi. Wasa ne, e, amma ɗan Carrasquillo aka yi wa."

Yarelis ta durƙushe a kan yashi.

"Ina son sa, Kaka... ina son sa kamar in mutu."

"Tashi, kar mai ya fallatsar miki." Tsohuwar ta dube ta karon farko, ba ƙiyayya a fuskarta, gajiya ce zalla. "Saurara, 'yar Migdalia. Mijina da hannunsa ya kafa rumfar nan, kuma nan da damina teku za ta haɗiye ta. Ina so jikokin jikokina su san an yi ta. Saboda haka ran Lahadi ki zo da kyamararki ki ɗauki rufewa, ban hana ki ba. Ki gama fim ɗinki. In kin gama, ki koma inda kika fito, ki bar min yaro ya warke."

"Kaka, don girman Allah..."

"Na gama magana. Ga alcapurria in za ki ci."

Ko kafin ta kai ɗakin da take haya, labari ya riga ya haye teku. Ka san mutanenmu, abin da aka yi a Loíza da magariba, kafin asuba an ci shi da burodi a Florida. Wayarta ta yi ƙara, mahaifiyarta Migdalia ce daga Orlando.

"Na ji komai."

"Mami, don Allah ba yanzu ba."

"Yanzu kuwa! Ban faɗa miki ba? Na ɗauke ki daga garin nan don kar ki ƙare a gindin ganga kamar yadda na kusa ƙarewa, kika kwashi ƙafa kika koma. Makaɗi miji ne? Mutumin da kowace Lahadi aikinsa ya zuba wa ƙugun mata ido?"

"Ba haka ba ne, Mami!"

"To yaya ne? Ki tattara ki dawo. Ga ɗan Fasto Reyes har gobe yana tambayarki, yaro mai aikin asibiti, mai hankali..."

Yarelis ta kife wayar a kan katifa ta fashe da kuka.

Da kukan ya lafa ta jawo kwamfuta. Ta nemo ainihin hoton rawar Doña Monse, ta rage sautin gaba ɗaya don ba za ta iya jin iskar nan ba. Ta zauna tana kallo shiru.

A nan ta gani.

Idon Efraín bai taɓa sauka kan ganga ba. Yana kan kafaɗar kakarsa, yana kan gefen siket ɗinta, yana kan diddigenta. Kafin tsohuwar ta dira ƙafa hannunsa ya riga ya tashi, su sauka tare. Da gwiwa ta ɗan ci amanarta ta yi tangaɗi, sai ya buga tangaɗin ma, har ya zama kamar da gangan ta yi. Ashe rufa mata asiri yake yi a gaban jama'a, da tafin hannunsa.

"Wayyo ni Yarelis," ta faɗa a fili. "Ina idona yake?"

Ran Laraba ta je gidansa, aka ce ya fita kamun ƙaguwa. Ran Alhamis ta aika masa saƙo har yatsunta suka gaji, ko ɗaya bai buɗe ba. Abinci kuwa ta manta da shi, sai ruwan kwakwa in jiri ya ɗebe ta.

A bakin kasuwa ta ci karo da Xiomara tana zaɓen kifi.

"Me na yi miki?" Yarelis ta tare ta. "Na ɗauke ki 'yar uwa!"

Xiomara ta ɗaga kifi tana duba idonsa.

"Ni kuma? Shawara na bayar, ba wuƙa na ɗora miki a wuya ba." Ta ajiye kifin, murmushin ya bar fuskarta. "Tun ina 'yar ƙwailata nake rawa a gabansa. Ya san numfashina kafin in ja shi. Ke kin sauko daga jirgi da baƙin gilashi da jakar kyamara, wata biyu kin ɗauke shi. Na so ne kawai ya ga wa ya zaɓa. Da kin san shi ko rabin yadda na san shi, da kin watsa min shawarata a fuska."

Abin haushin, gaskiya ta faɗa.

Sai ran Asabar ta same shi, a bayan rumfar, ya kwantar da gangarsa a rana yana jan igiyoyin fata. Ya rame shi ma, ta lura, kuma Allah ya yafe mata, sai da ta ji ɗan sanyi a ranta.

"Na mayar da sautin gaskiya," ta ce da sauri kafin ya tashi. "Iska ce ta fi yawa, amma ana jin ka a ƙasa-ƙasa. Na gani, Efraín. Na ga yadda ka tare ta lokacin da gwiwarta ta..."

"Madalla."

"Iyakar abin da za ka ce ke nan?"

Ya ja igiya ya ɗaure.

"Me kike so in ce?"

"Ka zage ni! Ka yi min ihu! Amma kar ka yi min wannan shirun, rabin raina, kashe ni yake yi!"

Ya ajiye igiyar, ya goge hannu a wando.

"Kin tuna ranar da na ce ina son ki? A can, kan dutsen nan?"

"Yaya za a yi in manta?"

"Me kika ce min?"

Ta tuna sarai.

"Kika ce, 'Tsaya, kar ka motsa, hasken nan ya yi maka kyau.' Kika ɗauko kyamara." Ya yi wata dariya mara daɗi. "Na yi dariya a lokacin. Amma tun ranar, duk abin da na faɗa miki sai in ji ina tambayar kaina, da Yarelis nake magana ko da fim ɗinta? Ko yanzu da kike kuka, ban sani ba ko wani ɓangare na zuciyarki yana cewa, kash, da an ɗauki wannan."

"Ba gaskiya ba ne!"

"Wataƙila. Amma ban da hanyar sani." Ya ɗaga gangar ya saɓa a kafaɗa. "Ki zo gobe ki ɗauka. Zan buga miki da kyau, ba za ki nemi kiɗan aro ba."

"Efraín! In ka bar ni ina zan sa kaina?"

Bai waiwayo ba.

Ran Lahadi tun azahar hanya ta toshe. Mutane suka zo daga Piñones, daga Canóvanas, har da waɗanda suka taso daga New York don kawai su taka yashin nan sau ɗaya kafin ruwa ya ci. Hayaƙin suya ya turnuƙe, tsofaffi sun sha fararen kaya, igiyar ruwa tana dukan buhunan yashin da aka jera a gindin ginshiƙai. A bakin ƙofa jikar Doña Monse tana karɓar wayoyi tana zubawa a kwando, kamar kullum.

Kyamara ɗaya ce tak a wurin, ta Yarelis.

Ta kafa ta a inda ta saba, ta rufe makirfo da soso don iska, ta saka abin ji a kunne. Hannunta na aiki, zuciyarta na wani wuri. Duk wanda ya wuce sai ya kauda kai.

Aka fara. Kai, ranar an yi bomba! Mai waƙa ta ɗauko, jama'a suka amsa har kwanon rufi yana rawa. Masunta suka shiga, 'yan mata suka shiga, wani tsoho da sandarsa ya shiga. Xiomara ta shiga da jan siket ta yi rawar da ba ta taɓa yi ba, Efraín ya bi ta tsaf, fuskarsa kamar dutse. Duk Yarelis ta ɗauka, kuma ta san abin da take ɗauka ya fi duk abin da ta taɓa ɗauka a rayuwarta.

Da rana ta yi sanyi Doña Monse ta ɗaga hannu daga kujerarta.

"Saura ɗaya," ta ce. "Daga ita an rufe."

Wurin ya yi tsit, sannan gangunan baya suka ɗauko taki a hankali. Wannan ce waƙar da Yarelis ta baro Orlando dominta. Ita ce ƙarshen fim ɗin, in babu ita fim ɗin gurgu ne.

Ta leƙa ta gilashin kyamara. Ga Efraín a tsakiya, kansa a sunkuye, hasken yamma a kafaɗarsa. Ya yi kyau har ba a magana.

Gobe war haka tana cikin jirgi.

Ta cire abin jin daga kunnenta. Ta danna maɓalli, jar fitilar ta mutu. Ta ɗauko murfin gilashin ta rufe, ta kwance kyamarar daga kan ƙafafunta, ta ratsa mutane da ita a hannu har gaban Doña Monse, ta ajiye a cinyarta.

"Ke! Me kike yi?" tsohuwar ta ce. "Rufewar ce fa!"

"Na sani, Kaka. Ki yafe min."

Ta tuɓe takalmi ta shiga fili.

Jama'a, ku ji fa. Yarinyar da ko a bikin ƙawa ba ta taɓa ɗaga ƙafa ba, ga ta da wandon aiki mai aljihu bakwai da tsohuwar riga, babu siket babu komai. Ta zaga filin kamar yadda ta ga ana yi, ta zo gaban babbar ganga ta rusuna.

Gaisuwar makaɗi ke nan. Daga nan sai amsa.

Efraín ya ɗora hannayensa a kan gwiwoyinsa.

"A fitar da ita!" Xiomara ta miƙe. "Rawar rufe gida ce, ba wasan yara ba!"

"Zauna, Xiomara," Doña Monse ta ce ba tare da ta ɗaga murya ba. "Wanda ya gaida ganga, fili nasa ne har ya sallama. Ba a rumfata za a fara karya wannan ba, balle yau."

Gangunan baya suka ci gaba. Mai waƙa ta maimaita baiti tana zare ido.

Yarelis ta girgiza kafaɗa irin ta Xiomara.

Shiru.

Ta dira ƙafa.

Shiru.

Ta kama gefen rigarta ta kaɗa kamar siket, wani ya tuntsire da dariya aka make shi. Babbar ganga ko tari ba ta yi ba. Yanzu ta san abin da ta yi masa, ta san shi a jikinta: ka motsa a gaban garinku duka, a rasa mai amsa maka. Kunya ta rufe ta har tana jin kamar ƙasa ta tsage. Ƙofa na nan kusa, taku kaɗan ne.

Ba ta fita ba.

Ta sake dirawa. Ta sake. Duk abin da ta kwaikwayo daga matan da ta ɗauka a fim ta zube shi a gabansa, bai karɓi ko ɗaya ba. Har dabara ta ƙare mata, ta tsaya kawai a tsakiyar fili, hannaye a sake, tana kallonsa. Hawaye suka cika mata ido har ba ta ganinsa sosai. Ta ɗaga bayan hannu ta share.

Tak!

Ta daskare.

Shi ma ya tsaya, hannunsa a sama, idonsa a kanta.

Ƙirjinta ya ja wata doguwar ajiyar zuciya mai sarƙewa, yatsunsa suka bi ta a kan fata, rrrrr, har inda ta tsaya. Ta matsa taku ɗaya wajensa... dum! Ta ƙara... dum! Ƙafarta ta harɗe a yashi ta yi taga-taga za ta faɗi, ya tare ta da bugu biyu masu kyau, sai ka rantse salo ne.

Rumfar ta kece da ihu!

"Haka ne, ɗan Carrasquillo!"

"Bi ta! Bi ta, yaro!"

"Wa ya ce makaho ne? Ya fito ya maimaita!"

Yarelis tana kuka tana dariya, ta daina tunanin wa ke kallo. Ta ɗaga hannu ya buga, ta juya ya buga, ta dafe ƙirji ya buga a hankali kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar mara lafiya. Gumi na zuba daga haɓarsa, kuma ba gumi kaɗai ba ne. Ta hango jan siket yana ficewa ta ƙofa, ba ta ko bi shi da ido ba.

Waƙa ta yi tsawo har muryar mai waƙa ta fara dishewa, Yarelis ba ta da niyyar tsayawa.

"Ki sallame ni mana," Efraín ya faɗa ta cikin kiɗan. "Hannuna zai tsage!"

"Ba zan sallama ba!"

"Yarelis!"

"In na sallame ka tafiya za ka yi!"

"Ina za ni, zuciyata? Ke dai sallame ni in samu hannun riƙe ki!"

Ta rusuna. Ya rufe da bugu ɗaya, duk gangunan suka tsaya tare, sai ƙarar teku. Kafin ta ɗago ya tsallake gangar ya rungume ta, ta cusa fuska a rigarsa da ta jiƙe sharkaf.

"Ka yafe min... ka yafe min..."

"Ya wuce. Amma don Allah kar ki sake kaɗa rigar nan a gaban mutane."

Ta kai masa duka a ƙirji tana dariya.

Doña Monse ta taso da kyar, kyamara rungume a hannunta kamar jaririn da aka bar mata ba shiri. Ta dube su ta girgiza kai.

"Kin hana jikokin jikokina ganin rufewar rumfar kakansu."

"Na sani, Kaka."

"To sai ki haifo su ki ba su labari da bakinki. Karɓi kayanki, ya yi min nauyi."

An ɗaura aurensu bayan Ista, a ƙaramin cocin da ke bayan kasuwa. Doña Migdalia ta zo daga Orlando da fuska a murtuke, ta rantse ba za ta zauna kusa da ganga ba, aka kuma gan ta tana kaɗa ƙafa a ƙarƙashin tebur. Rumfar kuwa teku ba ta jira damina ba ma, ta haɗiye ta.

Fim ɗin ya fita, an nuna shi a San Juan da wasu garuruwa. Masana sun yaba, sai dai kowa ya yi ƙorafin abu biyu: iskar da ta cika rawar tsohuwa, da yadda ya yanke kwatsam ana shirin waƙar ƙarshe. Duk wanda ya tambayi Yarelis dalili, murmushi take yi ta ce kyamara ce ta mutu.

Tunda babu hoto, yanzu kowa da irin labarinsa. Har akwai masu cewa ranar ta fi Xiomara rawa. Kar wanda ya ruɗe ku, ina wurin, a layin gaba. Rawar ba ta da kyau ko kaɗan, ban taɓa ganin mai muninta a rumfar nan ba.

Amma bai kuskure mata ko taki ɗaya ba.